Allurar rage ƙiba da ƙwarnafi: dan Allah a gaya wa mutane gaskiya kafin su saya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato wannan allurar rage ƙiba da ta shigo gari yanzu, musamman a tsakanin 'yan uwana mata, da kuma wata matsala da take kawowa wadda masu sayarwa basa faɗa, su kuma masu amfani basu san daga ita bane. Ƙwarnafi nake nufi, wannan zafin da yake tasowa daga ƙahon zuciya ya bi ƙirji har ya kai maƙogwaro, wani lokaci ma mutum yaji ruwa mai tsami ko mai ɗaci ya dawo masa baki yana cikin barci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba wai na zo in kushe maganin bane, wannan in faɗa tun farko dan kar wata ta ɗauka ko baƙin ciki nake mata da kasuwarta. Magani ne na gaske, likitoci ne suka yi bincike a kansa shekara da shekaru, kuma ya taimaki masu ciwon suga da masu ƙibar da ta zama cuta. Abinda yake damuna shi ne yadda ya koma kayan talla a status ɗin WhatsApp da Instagram da TikTok, kusa da turaren wuta da humra da kayan gyaran amarya, a sa hoton wata kafin da bayan, a rubuta "sati huɗu kacal", shikenan, babu wanda zai tambaye ki ko kina da wata larura, ko kina shan wani magani, ko kina da juna biyu ma. Ba a daɗe ba fa da muke fama da 'yan mata masu shan sha-ka-fashe dan su yi ƙiba, yanzu kuma iska ta juya kowa so take ta rame kafin biki, kuma hanyar sayen ɗaya ce, wata ta gaya wa wata, a tura kuɗi ta waya, ɗan acaɓa ya kawo.

Bari in ɗan yi bayanin su waye waɗannan allurai dan mai karatu ya gane abinda yake hannunsa. Akwai mai sinadarin semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne yake yinta, ita ce ake sayarwa da sunan Ozempic, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017 dan masu ciwon suga, sannan aka fito da ita da ƙarfi mafi yawa da sunan Wegovy a 2021 dan rage ƙiba. Akwai kuma tirzepatide ta kamfanin Eli Lilly na Amurka, ita ce Mounjaro da ta fito a 2022, a Amurka kuma ta rage ƙiba ana ce mata Zepbound tun 2023. Waɗannan sau ɗaya ake yi a sati. Akwai tsohuwarsu Saxenda, mai liraglutide, ita kullum ake yi. Kuma gaskiya suna aiki, a babban gwajin da aka yi wa semaglutide da mutum 1,961 na tsawon sati 68, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa ta bogi wadda ba magani a ciki kuma basu wuce kashi 2 da 'yan kai ba. A gwajin tirzepatide ma ragin ya kai kusan kashi 21 cikin 100 ga masu karɓar mafi ƙarfinta. To kaga ba abin mamaki bane da mutane suka ruɗe.

Amma ta yaya take sa mutum ya rame? Nan ne maganar ƙwarnafin ta samo asali. A jikin kowa akwai wani sinadari da hanji yake fitarwa idan an ci abinci, likitoci suna ce masa GLP-1, aikinsa ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya taimaka wajen fitar da insulin, wato sinadarin da yake rage suga a jini, sannan ya rage saurin da tumbi yake tura abinci zuwa hanji. Na jikinmu cikin 'yan mintoci yake ƙarewa, ita kuwa allurar an yi ta ne ta kwaikwaye shi amma ta zauna a jini kwana da kwanaki. Shi yasa wadda aka yi wa zata ce miki ta ci loma biyar ta ƙoshi, kuma har dare bata ji yunwa ba, ai abincin rana ne yake nan zaune a tumbi bai gama wucewa ba. To a tsakanin bututun da yake kai abinci daga maƙogwaro da shi tumbin akwai wata tsoka da take tsuke bakin, ta buɗe abinci ya shiga ta rufe, dan kar ruwan tsamin da yake narkar da abinci ya hau sama. Idan tumbi ya cika ya daɗe a cike, ga iska ta taru, sai ya dinga matsa wa wannan tsokar har ta saki. Kamar dai kwatar gida ce ta toshe a damina, ruwan da ya kamata ya fita waje sai ya juyo tsakar gida. Shi tumbi Allah ya yi masa kariya daga wannan tsamin, amma bututun abinci bashi da ita, shi yasa ake jin kamar an zuba garwashi a ƙirji.

Kuma wannan ba ƙirƙira ta bace, yana rubuce a takardar bayanin da kamfanonin da kansu suke sawa a cikin kwali, wadda yawancinmu muke yarwa ba mu karanta ba. A ta Wegovy an rubuta cewa a gwaji kashi 44 cikin 100 sun yi tashin zuciya, kashi 24 sun yi amai, kashi 9 sun yi fama da rashin narkewar abinci, kashi 7 yawan gyatsa, kashi 5 kuma sun samu wannan ciwon dawowar ruwan tsami, alhali a cikin waɗanda ba a ba maganin gaske ba kashi 3 ne. A ta Zepbound ma kashi 4 zuwa 5 ne, a kan kashi 2. Wani zai ce ai kashi 5 ba yawa, haka ne, amma a tuna waɗannan mutane ne da likita yake bibiyarsu, aka fara musu da ɗan kaɗan ana ƙarawa a hankali, aka koya musu yadda zasu ci abinci, magani kuma na asali ne da aka ajiye a sanyi yadda ya kamata. Mu a nan wace ce take samun wannan gatan in ta saya a status? Sannan a 2025 an fitar da wani bincike da aka yi da bayanan marasa lafiya na Birtaniya masu ciwon suga, aka ga masu amfani da irin waɗannan allurai sun fi masu shan wani nau'in maganin suga samun wannan ciwon da kusan kashi 27 cikin 100.

Abinda ya fi tayar min da hankali Malam Edita shi ne mu a nan duk wani zafi da ya taso tsakanin cibiya da ƙirji to olsa ce, an gama magana. Mace zata zo tana cewa olsa ta ce ta tashi, a tambaye ta wa ya gwada ki yace kina da ita, tace ai na sani, mamana ma tana da ita. Na ga wata matashiya da ta zo da tari wanda baya barinta barci, muryarta ta dishe, kullum da safe bakinta ɗaci, ta sha maganin tari kwalba kwalba, ta sha na mura, ta sha na taifot ma dan wani a kemis yace ƙila shi ne, sai da aka zauna da ita aka yi ta tambaya a hankali sannan ta faɗa cewa wata ƙawarta ce take zuwa gida tana yi mata allurar rage tumbi duk Juma'a, kuma bata ɗauka tana da alaƙa da tarin ba shi yasa bata faɗa ba, wai ai allura a cinya ake yi, me ya haɗa ta da ƙirji. Mutane da yawa basu san cewa ƙwarnafi ba dole sai an ji zafi ba, yana iya zuwa da tarin dare, da dishewar murya, da jin kamar wani abu ya tsaya a maƙoshi, da yawan kakarin majina, mai asma kuma ya ga tana yawan tashi, idan ya daɗe ma har haƙora yake ci. Ga kuma wata gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da masu allurar suke yawan kuka da ita, mace ta kasa zama cikin mutane a gidan biki saboda kunya.

To da an yanke cewa olsa ce sai a shiga maganin gida, kuma a nan ake ƙara ɓata lamarin. Wata zata ce ai olsa yunwa ce take tayar da ita, ki dinga ci akai akai kar cikinki ya zama wayam, sai a ƙara ɗura abinci a kan wanda bai wuce ba. Wata a ce ta sha madara mai kauri ko kindirmo da daddare kafin ta kwanta, ya ɗan lafa na minti kaɗan, can cikin dare maiƙon ya ƙara riƙe tumbin zafi ya dawo ya fi na da. Ruwan kanwa kuwa da iyayenmu suke bayarwa, gaskiya ne yana kashe tsamin nan take, amma gishiri ne fal a cikinsa, kuma da yawa daga cikin masu neman rage ƙibar nan suna da hawan jini ko suna bakin samunsa, wasu ma ƙodarsu ta fara gajiya basu sani ba, sannan idan ya haɗu da tsamin ciki iska yake haifarwa, cikin ya ƙara kumbura. Mafi muni su ne masu shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da felvin dan wai ƙirji na ciwo, waɗannan su ne ma suke cinye fatar tumbi su kawo gyambon ciki na gaske, har da zubar jini.

Sai maganar gaggawa, wadda ita ce nake ganin ta fi jawo mana wahala. Kamfanin ya tsara a fara semaglutide ta Wegovy da miligiram 0.25 a sati har sati huɗu, sannan a koma 0.5 wani sati huɗun, sannan 1, sannan 1.7, kafin a kai 2.4, kaga wata huɗu kenan ana hawa kafin a kai wannan matakin. Mounjaro ma da 2.5 ake farawa, ba a ƙarawa sai bayan sati huɗu a ƙalla. Ba dan wasa aka yi haka ba, an yi ne dan ciki ya saba, kuma idan mutum ya kasa jurewa likita yana iya tsayar da shi a matakin da yake ko ya mayar da shi baya. Amma amaryar da bikinta saura wata ɗaya da rabi ina zata jira wata huɗu? Sai mai sayarwa tace bari in fara miki da mai ƙarfi dan ki ga aiki da wuri, ita kuma tana murna. Wasu ma saboda tsada ba a sayen alƙalamin allurar gaba ɗaya, wato abin nan mai kama da biro da maganin yake zuwa a ciki, mutum uku huɗu ne suke karo karo su saya suna ƙirga ƙarar murɗawa, ko a zuƙo a sirinji a raba, wanda banda rashin sanin adadin da ya shiga jiki akwai haɗarin ɗaukar cuta irin ciwon hanta idan ana yin alƙalami ɗaya wa mutane daban daban, ko da an canja tsinin kuwa. Wallahi wannan ba ƙaramin ganganci bane.

Kuma mu duba yadda muke cin abinci a gidajenmu, dan maganin an yi gwajinsa ne a wasu ƙasashe amma a cikinmu zai yi aiki. Mu babban abincinmu na dare ne, bayan Isha'i a kawo tuwo da miya an zuba man shanu da yaji, maigida ya shigo ƙarfe goma da ledar tsire ko balangu a tashi kowa a ci, a kora da lemon kwalba mai gas ko shayi mai kauri, ko minti talatin ba a yi ba an kwanta. Mai lafiya ma wannan yana iya sa shi ƙwarnafi balle wadda tumbinta yake tafiyar hawainiya saboda allura. Da safe kuma ƙosai da waina da soyayyen dankali da wainar ƙwai, duk mai ne, shi kuma maiƙo dama can shi ne abincin da ya fi daɗewa a tumbi. Ga goro ga masu cinsa, ga taba ga maza, ga shisha da ta shiga cikin matasa har da mata, duk suna sassauta wannan tsokar da na faɗa. Ga kuma abin ɗaure tumbi da ake sayarwa tare da allurar wai dan sakamako ya fi fitowa, mace ta ci abinci ta ɗaure ciki tamau ta wuni a haka, ina ruwan tsamin zai je in ba sama ba.

Azumi kuwa sai an yi hattara sosai. An wuni ba ci ba sha, ana kiran Magariba a haɗa kunun tsamiya da ƙosai da soye soye da zoɓo mai sanyi a lokaci ɗaya, a tafi Tarawihi ana ruku'u da sujada da cikakken ciki, zaka ji mutum yana cewa abinci yana dawo masa wuya a sujada, sannan a ci sahur mai nauyi a yi Asuba a koma barci nan take. Duk mai wannan allurar ya kamata ya ga likitansa tun ana saura makonni azumi a tsara masa, kuma ba lokacin farawa bane ko ƙara ƙarfi, musamman mai ciwon suga da yake haɗawa da insulin ko wasu ƙwayoyin da suke iya faɗar da suga ƙasa. Idan amai ko gudawa suka haɗu da ƙishirwar azumi a zafin nan namu, ƙoda ce take shan wahala.

Wadda ta riga ta fara kuma take jin wannan zafin, ba cewa nayi ta firgita ba. Sau da yawa yana lafawa idan jiki ya saba, ko idan likita ya rage ƙarfin. Ki rage yawan abin da kike zubawa a faranti, ki ci a hankali, da kin ji alamar ƙoshi ki tsame hannu ko da saura, kar ki ce kar a yi asara. Abincin dare ya zama da wuri, a bar kamar awa uku tsakaninsa da kwanciya, in da hali ma ki mayar da babban cinki na rana. Ki kwanta ta ɓangaren hagu in zafin ya dame ki, dan yadda tumbi yake zaune a jiki hakan yana rage hawan ruwan, na san da yawanmu mun saba farawa da dama saboda sunna, ana iya farawa da daman a yi addu'a sannan a juya. A ɗaga kan gadon da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo uku a ƙarƙashin kai baya yi, lanƙwasa mutum kawai yake ya ƙara matse cikin. Ruwa a dinga kurɓa kaɗan kaɗan cikin yini maimakon a shanye kofi uku a kan abinci. Kuma kowa ya lura da abinda yake tayar masa, wani tumatir ne, wani attaruhu, wani lemon zaƙi, wani na'ana'a a shayi, ba lallai sai an haramta wa kai komai ba.

Magungunan ƙwarnafi suna nan kuma suna aiki, irin na ruwa da ake sha bayan cin abinci kamar Gaviscon ko mis-mag suna kwantar da shi na ɗan lokaci, omeprazole da 'yan uwansa kuma suna rage yawan tsamin da tumbi yake fitarwa. Amma shi omeprazole mutane basu iya shansa ba, ba sai zafi ya taso ake haɗiya ba, da safe ake sha kafin karin kumallo da kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma yana ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya kama sosai. Wanda ya saya da kansa bai kamata ya wuce sati biyu yana sha ba tare da ya ga likita ba, amma sai ka samu mace ta shekara tana sha kullum kamar gyaɗa, tana rufe alamar ciwon da ya kamata a bincika. Idan ana zargin gyambon ciki ne da gaske akwai gwajin ƙwayar cutar da take kawo shi, ana yi da bayan gida ko numfashi, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da na'urar da ake zurawa a leƙa cikin tumbi a gani da ido. Ƙwarnafin da aka bari shekaru yana ƙona bututun abinci yana iya sa shi ya yi gyambo, ya tsuke har haɗiya ta gagara, a wasu mutane kaɗan ma fatar wurin ta canja ta zama hanyar ciwon daji.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya, dan Allah Malam Edita ko zaka rage wasiƙar nan saboda tsawo kar ka cire wannan wurin. Idan abinci yana maƙalewa ko haɗiya tana ciwo, idan an yi aman jini ko amai mai kama da garin kofi, idan bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, idan amai ya ƙi tsayawa har ruwa baya zama, a tafi asibiti. Idan ciwo mai tsanani ya kama saman ciki yana ratsawa har baya kuma ya ƙi sauka, wannan yana iya zama kumburin saifar suga, wato inda ake yin insulin, an san allurar tana iya jawo shi, a dakatar da ita a tafi asibiti a ranar. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, ko ido ya yi ɗorawa, yana iya zama tsakuwa a matsarmama, dan saurin ramewa yana kawo ta. Sannan wanda ya fi ba ni tsoro, ciwon zuciya yana iya zuwa da kamar ƙwarnafi sak, musamman ga mata da masu ciwon suga, kuma su ne dai masu yin allurar nan. Mutum yaji ƙirji ya yi nauyi kamar an danne, ga gumi, ga numfashi sama sama, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, a ce masa olsa ce sha mis-mag ka kwanta. Mun rasa mutane a haka.

Wani abin kuma shi ne ɓoyewa. Mata da yawa ko mazajensu basu san suna yi ba, ana so a ce ai motsa jiki ne da rage cin shinkafa. Ba ruwana da sirrin kowa, amma likita da mai sa barcin tiyata dole su sani. Saboda ana cewa mutum kar ya ci komai tun dare kafin a yi masa aiki dan tumbi ya zama babu komai, to mai wannan allurar yana iya yin azumin yadda aka ce amma abinci yana nan a cikinsa, ana sa shi barci ya taso ya shiga huhu, wannan kuwa yana iya kisa. A 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ba da shawarar a dakatar da allurar mako ɗaya kafin tiyatar da aka tsara, a 2024 kuma suka sake zama da wasu ƙungiyoyin likitoci suka ce da yawa zasu iya ci gaba amma a duba kowa da halinsa, wasu a sa su shan ruwa ruwa kawai na awa 24 kafin aikin. Ko wanne za a bi, sai an faɗa musu tukuna. Haka amare, ba a yin wannan allurar da ciki, ita semaglutide an ce a daina ta wata biyu kafin a nemi haihuwa saboda daɗewar da take a jiki, to yarinyar da ta yi ta ƙarshe ana jibi ɗaurin aure fa? Kuma ciki da kansa yana kawo ƙwarnafi, sai abu ya haɗu biyu ba a san na wanne bane. Ita Mounjaro kuma tana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ake haɗiya a sati huɗun farko da kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfinta. Wanda a danginsu akwai wani nau'in ciwon dajin maƙoƙo ma an hana shi gaba ɗaya. Mai talla a status zata tambayi duk wannan?

Ga jabu kuma. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa an kama jabun Ozempic a Barazil da Birtaniya da Amurka, kafin nan a 2023 a ƙasar Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi jabu wadda ake zaton insulin aka zuba a ciki, sugansu ya faɗi warwas. Idan ƙasashen da suke da tsauraran matakai abin ya shiga, to mu da kaya suke shigowa a jakar matafiya daga Dubai da Misira da Indiya fa? Ko ta asalin ce ma ana so ta zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an fito da ita kar zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri sama da 40 ake yi, ga wuta sai a wuni ba a kawo ba.

Adalci shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren, ita ƙibar da kanta tana cikin manyan abubuwan da suke kawo ƙwarnafi, kitsen tumbi yana matse ciki, kuma mutane da yawa idan suka rage nauyi ƙwarnafinsu na shekaru yana sauƙi sosai. Dan haka wanda likita ya duba ya ga yana buƙata, mai suga, mai hawan jini, mai ciwon gwiwa saboda nauyi, kar wasiƙata ta sa ya yar da maganinsa, ya koma wurin likitan ya gaya masa abinda yake ji a gyara masa. Waɗanda nake jin wa su ne masu nauyi daidai da basu da wata larura, kawai dan leshi ya zauna a jiki ranar dina, su jawo wa kansu ciwon da basu da shi, kuma an bibiyi waɗanda suka daina semaglutide bayan wancan gwajin na sati 68 aka ga cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo.

Roƙona ga hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa su leƙa kasuwar intanet ɗin nan, maganin da sai da takardar likita ake bayarwa bai kamata ana tallarsa da waƙa a bidiyo ba. 'Yan uwana ma'aikatan lafiya da masu kemis, duk wanda ya zo da ƙwarnafi ko tarin dare ko ya ce olsa, mu ƙara tambaya ɗaya cikin mutunci ba tare da tsangwama ba, ko kana yin allurar rage ƙiba? Kai kuma Malam Edita dan Allah a shafinku na lafiya ku gayyato likitan ciki da likitan suga su yi wa mutane bayani da Hausa dalla dalla, gidajen rediyonmu ma su ɗauka, dan takardar da take cikin kwalin da Turanci take ko da Larabci, kuma rubutun ƙanana ne sosai, yawancin masu sayen ba zasu iya karantawa ba.

Na gode da wannan dama, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Taku mai karatu a kullum,
Wata ma'aikaciyar jinya daga Kaduna